Gidan Niƙan Sangdara

Tabarau ne ya mayar da Nazrullo. An riga an tashi, baƙin ƙarshe sun fita, 'yan sa kai sun cika ɗakin canza kaya da ke bakin ƙofa, kowa na tuɓe kayan kakanni yana ratayewa a ƙusa. Nazrullo ya cire hula, ya ɗauko wayarsa zai duba ko 'yarsa ta kira, sai ya ga rubutun ya zama hazo. Ya laluba aljihun jabbarsa, babu komai. Nan ya tuna ya bar tabarau ɗin a gidan niƙa, cikin ramin bangon da yake ɓoye shi kullum da safe.

Dokar wurin ce. Duk wanda ya sa kayan aiki a Ƙauyen Kakanni ba ya ɗaura agogo, ba ya riƙe waya, ba ya sa tabarau. Parvina Rustamovna, shugabar gidan tarihin, ita ta kafa dokar, kuma ba ta wasa da ita. Nazrullo ya taɓa gaya mata cewa mahaifinsa, mai niƙan gaske, da tabarau yake aiki, ƙafar tabarau ɗin ɗaya ma da zare aka ɗaure ta. Ta yi murmushi ta ce ta yarda, amma ba shi baƙi suka zo gani ba.

Kurbonali na zaune a benci yana fama da takalmi. Tsohon malamin lissafi ne, a nan kuma shi ne maƙerin ƙauye, ko da yake ko ƙusa bai taɓa ƙerawa ta miƙe ba.

"Aka Nazrullo," ya ce, wato yaya Nazrullo, "bar shi sai gobe mana. Me ya rage a garin nan da kake son gani?"

"Fuskarka dai ba ta ciki," in ji Nazrullo.

Ya ce ba don komai ba, sai don lambar bas da kwalaben magani. Kurbonali ya ce zai jira shi a bakin ƙofa ya sha taba ɗaya, idan ya daɗe kuma zai shaida wa mai gadi cewa masu gidan sun riƙe shi shan shayi. Aka yi dariya. Nazrullo bai yi ba. Ya fita yadda yake, da jabbar auduga mai nauyi da ɗamararta, kai babu hula.

Sauran 'yan sa kai sun zo ne don kashe lokaci. Wasu ɗalibai ne masu neman takardar shaida, wasu tsofaffin da zaman gida ya ishe su. Nazrullo kaɗai ne ya zo saboda wata ƙofa da ya sani.

A talabijin ya fara ganinta, bayan ya yi ritaya daga tuƙin bas a Dushanbe, babban birnin ƙasar, a shekarar da matarsa ta rasu. Ana nuna buɗe sabon gidan tarihi a bayan gari, inda mutane za su ga yadda kakanni suka rayu, da masu saƙa da masu gasa gurasa da duk abin da ake so. Kyamara ta wuce ta kan wata ƙofar katako mai tabon ƙuna a ƙasanta. Kofin shayi ya kusa suɓuce masa. Shi ya yi wannan ƙunar, da fitilar aci-bal-bal, yana ɗan ƙaramin yaro, kuma har yau bai manta da marin da ya sha ba.

Sangdara, ƙauyensu, yana ƙarƙashin ruwa tun yana shekara goma ko kusa da haka. An tare kogi da madatsa, ruwa ya hau ya cinye kwarin gaba ɗaya. Kafin ruwan ya iso, manyan motoci suka kwashe mutane zuwa filayen auduga na kudu, inda rana ke dafa mutum da ransa. Yara da tsofaffin da suka saba da iskar dutse da ruwan ƙanƙara, da yawansu ba su ga ƙarshen bazarar farko ba.

Mahaifiyarsa, Mohbegim, ba ta ga wannan ba. Ta rasu a sanyin da ya gabaci tashin, wajen haihuwa, aka binne ta da jaririn a maƙabartar da ke sama da gidan niƙa. Ranar tafiya mahaifinsa ya ƙi hawa mota sai da wani jami'i mai jakar fata ya rantse masa cewa motocin za su dawo su kwashe kaburbura ɗaya bayan ɗaya. Uban ya hau tudu da yaron a hannu, ya tsuguna a kan kabarin, ya ce mata ta yi haƙuri, motar za ta dawo.

Motocin sun dawo kuwa. Masana suka zo da su. Suka cire ƙofofi masu sassaƙa da ginshiƙai da tagogi, suka kwance gidan niƙa gungume-gungume, har duwatsun biyu, suka kai wani sito suka kulle. Maƙabarta ba wanda ya taɓa ta. Uban ya yi ta zaman jira a bakin titin ƙauyen auduga, kowace babbar mota ta taho sai ya miƙe. Daga baya ya daina miƙewa. Daga baya kuma ya daina fita.

Da Nazrullo ya je ya ce yana so ya yi aikin sa kai a gidan niƙa, Parvina Rustamovna ta yi murna ƙwarai. Ɗan mai niƙa na ainihi, a gidan niƙa na ainihi, kuma kyauta. Aka ɗinka masa jabba, aka koya masa abin da zai riƙa faɗa. Babu kogi a wurin, don haka an ɓoye injin lantarki a bayan tabarma, shi ke juya dutsen. Magudanar da ke waje busasshiya ce, an shafa wa tsakuwar cikinta shuɗin fenti. Aikinsa ya watsa alkama a mazurari, ya shafa gari a gemu, ya gaya wa baƙi cewa mutanen Sangdara sun bar kwarinsu da kiɗa da rawa don ƙasa ta samu haske.

Ya yi ta faɗa kuwa, shekara da shekaru. Yakan ce a ransa, in dai za a bar shi ya shafa wannan ƙofar kullum da safe, ko me aka ce ya faɗa zai faɗa.

Sai ranar nan. Da la'asar wani mutum mai tumbi ya shigo da iyalinsa, suna ta ɗaukar hoto. Ƙaramar 'yarsa ta ja jabbar Nazrullo ta tambaye shi, in shi ne mai niƙa, to ina matar mai niƙa? Uban ya yi dariya ya ce watakila tana gida tana dafa masa miya. Nazrullo ya buɗe baki zai faɗi abin da aka koya masa, sai ya ji wani abu daban yana fitowa. Ya ce sunanta Mohbegim. Ya ce tana can ƙarƙashin tafki inda mutane ke hawa kwalekwale ranar hutu, ita da jaririnta da duk mutanen ƙauyen da suka riga su. Ya ce an kwaso katako an bar mutane.

Bai taɓa furta sunan a cikin ɗakin nan ba sai ranar.

Yarinyar ta fara kuka. Uban ya ja ta suka fita, ya nufi ofis. Ba a jima ba sai ga Parvina Rustamovna, takalminta na ƙwas-ƙwas a kan dakali. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa ɗagawa ba.

"Amak," ta ce, wato baffa, "nan ba gidan makoki ba ne. Mutane sun fito da yaransu ne su huta."

Ya ce gaskiya ya faɗa. Ta ce ba ta musa ba, amma gaskiya ma tana da wurinta, kuma idan abin ya fara yi masa nauyi akwai wani ɗalibi dogo da gemun roba zai yi wa kyau. Ta gyara masa wuyan jabba kamar yadda ake yi wa yaro, ta fita. Da lokacin tashi ya yi ya sauke makunnin injin da hannunsa, ya ja ƙofa, ya tafi ransa a dagule. Shi ya sa ya manta da tabarau.

Yanzu ga shi yana komawa ta tsakiyar ƙauyen, shi kaɗai. Rana ta faɗa bayan duwatsu, saura ja-ja a sararin sama. Mai gadi ya riga ya kashe wutar wurin duka, kamar kullum. Gidajen sun yi tsit, ƙofofinsu a rufe. Tanderun mai gurasa na fitar da ƙaurin toka mai sanyi. Busassun ganyen itacen tut na ƙara a ƙarƙashin takalminsa. Can nesa, daga unguwar da ke bayan katanga, wani ladani ya fara kiran magariba, iska na kawo muryar tana mayarwa.

Ya wuce maƙera. Ya wuce ɗakin masaƙa. Yana shan kwanar da ke gangarawa gidan niƙa ya ji shi.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Guntun itacen da ke bugun bayan dutsen niƙa ne, mai girgiza hatsi ya zubo. Ba ya ƙara sai dutsen na juyawa.

Nazrullo ya tsaya. Ya yi tsaki, ya ce tsufa ya zo. Watakila bai sauke makunnin da kyau ba. Bai tsaya ya tambayi kansa ina injin ya samu wuta ba. Ya gangara.

Ƙofar a buɗe take kaɗan. Shi kuwa ya san ya ja ta.

Ciki duhu ne, sai ɗan hasken da ke shigowa ta ƙofa. Dutsen sama na juyawa a hankali, da wani gurnani mai zurfi da bai taɓa ji a nan ba. Injin lantarki yakan ja shi da sauri ne, da kuka siriri. Wannan juyin daban ne, mai nauyi, yana ɗan jinkirtawa yana ci gaba. Ƙafafunsa sun san juyin tun kafin kansa ya tuna.

Ya ɗaga tabarma. Makunnin a sauke yake. Ya ɗora tafin hannu a kan injin. Sanyi ƙalau.

Sai ya ji ruwa.

A ƙarƙashin daɓen katako, inda babu komai sai siminti, ruwa na zuba da ƙarfi, yana dukan farfela. Iska mai sanyi na fitowa ta tsakanin katakai tana shiga ƙafar wandonsa. Da ita wani wari ya taso. Ba ƙamshin kogin Sangdara ba ne, wancan ƙamshin ƙanƙara da na'ana'a gare shi. Wannan warin laka ne, baƙar lakar ƙasan tafki, da ƙarnin kifi, da ruɓaɓɓen itace.

Ya ce a ransa, tabarau kawai, sai in fita. Ya lallaɓa jikin bango ya zura hannu a ramin. Yatsunsa suka taɓa gilashin. Bangon a jiƙe yake.

Hasken ɗakin ya ragu.

Wani ya tsaya a ƙofa.

Mace ce, gajeriya, ta ja mayafi ya rufe mata goshi, da buhu a kafaɗa. Ba tare da tabarau ba, inuwa kawai yake gani. Ya ɗauka Zulaiho ce mai gasa gurasa, ko Kurbonali ya turo ta su yi masa shaƙiyanci.

"An tashi, apa," ya ce, kamar yadda ake kiran yaya mace.

Ba ta amsa ba. Ta sauke buhun. Ya faɗi da ƙara irin ta jiƙaƙƙen wanki.

Ruwa na ɗiga daga gefen zanenta. Yana jin kowane ɗigo.

"Baban Nazri," ta ce a hankali. "Ka niƙa mini."

Tun da aka bar Sangdara ba wanda ya sake kiran wani da wannan sunan. Haka mahaifiyarsa take kiran mahaifinsa, don ba ta faɗin sunan miji. Muryar ta yarinya ce, ba ta kai 'yarsa ba ma. Ya manta cewa a kan ƙuruciyarta ta tafi.

Tabarau na hannunsa. Ɗagawa kawai zai yi ya sa. Ba shi da hotonta ko ɗaya, fuskarta ta daɗe da gogewa daga kansa, kuma ya sha roƙon Allah ya nuna masa ita ko a mafarki. Ga ta a gabansa, taku kaɗan.

Hannun ya ƙi ɗaguwa.

Ta ja buhun ta wuce ta gefensa. Sanyinta ya daki kuncinsa. Da ta matsa daga ƙofa sai ya ga bayanta. Akwai wasu. Sun yi layi tun daga bakin ƙofa har hawan kwanar, maza da mata, dogaye da gajeru, wasu ba su kai gwiwa ba. Kowa da buhunsa. Ba mai motsi. Ba mai tari. Ruwa kawai ke zuba daga jikinsu yana gangarowa cikin ɗakin.

Ruwan ya kai masa idon sawu.

Ta ɗaga buhun ta juye a mazurari. Ba ƙarar alkama ba ce. Wani abu ne mai kauri ya sulale, da ƙananan abubuwa masu tauri a ciki. Dutsen ya kama su ya fara murƙushewa. Ƙurus. Ƙurus. Ta bakin da gari ke fita, wani abu toka-toka ya fara malalowa.

Nazrullo ya nemi a'uziyya. Harshensa ya yi nauyi kamar ba nasa ba.

"Mun ji ƙarar dutse," ta ce, ba ta juyo ba. "Muka yi ta nema. Yau ka kira ni."

Ruwan ya kai gwiwa. Sanyinsa na cizo har ƙashi.

"Ka ce motar za ta dawo."

"Oca," ya ce. Haka yake kiranta yana yaro. "Oca, ni ne. Nazri ne."

Dutsen ya tsaya.

Guntun itacen ya daina ƙwas-ƙwas. Ruwan da ke ƙasa ya yi shiru. Ladanin nesa ma ya gama. Ba abin da ke motsi sai zuciyarsa.

Ta juyo a hankali. Ta matso. Inda fuska ya kamata ta kasance, duhu ne a ƙarƙashin mayafi. Ta ɗago hannu ta taɓa gemunsa. Yatsun sun yi laushi fiye da kima, kamar gurasar da ta kwana a ruwa. Ta shafa furfurar, ta shafa tamojin goshinsa. Ya rufe ido. Duk da warin, duk da sanyin, wani abu a cikinsa ya karkata zuwa ga hannun.

Ta janye.

"Nazri yaro ne," ta ce.

Babu fushi a muryar. Wannan ya fi komai ba shi tsoro.

"Ina ka kai mini shi?"

Dutsen ya zabura da juyi, da gudun da bai taɓa yi ba. Ta cafki gaban jabbarsa. Waɗanda ke waje suka fara shigowa, ba sauri, kafaɗa da kafaɗa, suka toshe ƙofar. Hasken ya mutu.

Ruwa a ƙugu.

"Zo ka ga inda ka bar mu."

Ta ja. Ƙarfin ba na mace ba ne, ba na mutum ba ne ma, kamar igiyar ruwa ce ta kama shi. Audugar jabbar ta sha ruwa ta yi nauyin gawa. Ya ji gefen rigar ya shiga tsakanin duwatsu. Dutsen ya fara cin ta, yana jawo shi ƙasa.

Ruwa a ƙirji.

Ya saki tabarau, ya kai hannu biyu ga ɗamara. Ƙullin ya jiƙe ya ɗaure tamau. Farcensa ya karye. Wasu hannaye na taɓa bayansa, ƙanana da manya, ba duka ba, taɓawa kawai, kamar masu neman wani da suka sani.

Ruwa a wuya.

Ya ja numfashi, ya nutsa kai, ya kama ƙullin da haƙori. Laka ta cika masa baki. Ya ja har wani haƙori ya tafi. Ɗamarar ta saki.

Ya zame daga cikin jabbar kamar kifi. Ƙofa ba ta biyuwa. Ya faɗa bayan tabarma, ya haye kan injin, ya laluba. Akwai wata 'yar ƙofar ƙarfe a nan, wadda masu gyara ke shigowa ta ciki, ba ta cikin kayan da aka kwaso daga Sangdara. Ya doke ta da kafaɗa. Ta ƙi. Wani hannu ya riƙe masa dunduniya.

Ya sake dokawa.

Ya faɗo waje rub da ciki, a kan busasshiyar ƙasa.

A nan Kurbonali ya same shi, yana haska fitilar waya, taba ta biyu a bakinsa. Ya zo da barkwancinsa a shirye, amma bai faɗe shi ba. Nazrullo na kwance cikin singileti, a jiƙe sharkaf tun daga gashin kai, yana aman baƙin ruwa, takalmi ɗaya babu. Kewaye da shi ganyen tut a bushe suke ƙayau. Kurbonali ya tuɓe kwat ɗinsa ya lulluɓe shi, ya haska cikin gidan niƙan ta 'yar ƙofar. Daɓen a bushe yake. Dutsen a tsaye. Rabin jabbar na rataye a bakinsa, sauran rabin ya shige ciki.

"Kada ka shiga," in ji Nazrullo.

"Wa ya ce maka zan shiga?" Kurbonali ya amsa.

Sanyi ya kama masa huhu, ya yi makonni a asibiti. 'Yarsa ta baro aikinta a ƙasar waje ta zo jinya, ta sa ya rantse ba zai sake taka wurin ba. Limamin unguwarsu ya zo duba shi, ya saurari labarin har ƙarshe, ya ce matattu ba sa dawowa, suna inda Allah ya ajiye su, ruwa ko tudu duk ɗaya ne a wurinsu. Aljanun gidan niƙa ne, in ji shi, da suka biyo duwatsunsu, suka ari muryar da suka san za ta karya shi. Nazrullo ya gyaɗa kai. Ya so ƙwarai ya yarda. Idan aljana ce, to mahaifiyarsa ba ta shafa fuskarsa ta ce ba ta san shi ba.

Parvina Rustamovna ma ta zo, da ledar rumman. Ta ce bututu ne ya fashe. Ya ce babu bututu a gidan niƙa. Ta ce to jiri ne ya ɗebe shi, a shekarunsa ba abin mamaki ba ne. Sannan ta ja kujera kusa da gado, ta ce Kurbonali ya ba su labari amma a gutsure, ko zai daure ya maimaita mata tun daga farko, a hankali. Wane irin mayafi ne? Da wane hannu ta riƙe buhun? Ya ɗauka tausayi ne, ya gaya mata duka.

Tun daga lokacin ba ya cin gurasa. Ko ƙamshinta ya ji sai ya ji laka a haƙoransa. Idan aka buɗe famfo a kicin yakan tashi ya fita baranda. Ya daina zuwa ko'ina sai masallaci da kantin magani.

Da bazara ta shigo, Kurbonali ya zo masa da koren shayi a takarda. Suka zauna a baranda. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya yi zancen gwiwarsa, ya yi zancen fansho, kafin ya fito da abin da ya kawo shi. Ya ce gara ya ji daga bakinsa. Gidan tarihin ya buɗe sabon shiri, duk Asabar da faɗuwar rana, ana kiransa Matar Mai Niƙa. An ja tiyo ƙarƙashin daɓe, an sa lasifika mai ƙarar ruwa. Ɗalibin nan dogo ne ke fitowa a Nazrullo, da gemun roba, wata yarinya daga makarantar wasan kwaikwayo kuma ita ce matar. Idan ta ce "Nazri yaro ne" sai mata su yi ihu, maza su yi dariya, kowa ya ɗaga waya. Tikiti na ƙarewa tun ranar Laraba.

Nazrullo ya ɗago kai. Ya tambaya ko suna faɗin sunanta. Kurbonali ya ce suna faɗa, har a allon bakin titi an rubuta.

"To kai fa? Kana cikin masu buhu?"

"Na yi sau biyu," in ji Kurbonali. "Na daina."

Ya ajiye kofin, ya share tafin hannunsa a gwiwa. Ya ce shi aka ba aikin raba buhuna da mayafai ga masu tsayawa a layi, don haka ya san mutanensa ɗaya-ɗaya. A makon farko layin bai wuce bakin ƙofa ba. A na biyu ya juya ya ga ya kai kwanar masaƙa, alhali bai ƙara ba kowa buhu ba. Na bayan ba sa magana, ba sa zuwa ɗakin canza kaya, kuma wanda ke tsaye a bayansa sanyi ke fita daga jikinsa kamar an buɗe firji. Ya je ya sami Parvina Rustamovna ya gaya mata.

"Me ta ce?"

"Ta ce in bar su. Wai jama'a ne suka ji daɗin shirin suke zuwa da kayansu." Kurbonali ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba. "Ta ce irin 'yan sa kan da take nema ke nan tun da aka buɗe wurin. Ba sa makara, ba sa gardama, ko shayi ba sa nema."